Ƙeranar Bariki a Jajaye

Na yi shekara goma sha ɗaya ina sarkin bariki a Karaye, zamanin Turawa. Sarauta ce marar rawani. Aikina shi ne riƙon gidan da Bature yake sauka idan ya fito rangadi daga Kano. In share, in cika randuna, in tara itace, in sa a gyara jinka kafin damina. Idan babu baƙo, kuma sau da yawa babu, sai in tafi gonata ta Kwanyawa, inda aka haife ni, in duba gyaɗa da dawa. A bayan barikin akwai ɗan gida mai ɗaki biyu da danga. Nan muka zauna da mai ɗakina, wadda na auro daga Jajaye, can wajen Rogo. Ba zan rubuta sunanta ba. Waɗanda suka san ta sun sani.

Wata shekara da rani wani Baturen gona ya sauka da akwatin katako. Da aka buɗe sai na ga wasu abubuwa kore guda bakwai, faɗinsu kamar tafin hannun ƙato, kaurinsu kamar waina, ba saiwa ba ganye, jikinsu duk ƙaya tsilli-tsilli. Hausarsa kaɗan ce. Ya nuna mini gaban baranda ya ce, "Shuka. Ado." Ya ƙara wata magana da Turanci, amma kukunsa yana can yana bin kaza, ba wanda ya fassara mini. Washegari suka wuce.

Mun san ƙerana, mun san tinya da aguwa. Shinge muke yi da su, ba mu taɓa jin an dasa ƙaya don a kalla ba. Mutanen gari suka sa mata suna ƙeranar bariki, faffaɗan sassan nan nata kuma muka riƙa ce musu kunnuwa.

Ni manomi ne, sai na yi abin da na sani. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya tsage a hanya, na jefar da shi bayan ɗakin girki, kan tarin marmara da tsingaro. Sauran shida na haƙa musu ramuka, na zuba takin awaki, na yi wa kowanne ɗan kwari a gindi yadda ake yi wa albasa. Safe da yamma ina jawo ruwa ina ba su, a lokacin da guga sai ya daɗe a rijiya kafin ya cika. Kafin mako uku gindinsu ya fara baƙi. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, suka kwanta. Na shiga damuwa, don ban san abin da zan ce wa Baturen ba idan ya dawo.

Ran nan da hantsi ina gyaran ƙotar fartanya sai mai ɗakina ta kira ni daga bayan ɗakin girki.

"Sarkin bariki, zo ka ga talakanka."

Haka take kirana idan tana son tsokana. Na je na tarar da ita a tsugune. Kunnen nan da na yar ya sa saiwa a cikin tsakuwa, har ya fitar da ɗan ƙaramin kunne a kansa, shar da shi.

Ta ce, "Shida ka yi wa hidima ka kashe su. Wannan ko kallo bai samu ba, ga shi har da ɗa."

Na ce, "Ke dai kin samu abin dariya."

"Na samu mana. Wata guda ana auna mini ruwan wanki saboda ƙaya. Malam, kai dai ka koma wa gyaɗarka. Wannan ka bar mini."

Na bar mata. Ita ce ta gano halin abin, a hankali, da gwaji. Idan za a dasa, sai a yanke kunne daga gaɓa, a barbaɗa wa yankan toka, a ajiye a inuwa kwana bakwai har bakin ya bushe ya yi tauri. Sannan a kafa shi a yashi da tsakuwa, a wuri mai tudu inda rana take duka, a juya masa baya. Ba taki, ba kwari, ba ruwa. Abin da sama ta ba shi da damina ya ishe shi shekara. Takan kama kunnen da kara biyu, ba ta taɓa shi da hannu. Ni kuwa kullum sai na manta. Banda manyan ƙayoyin akwai wasu ƙanana kamar ƙaiƙayi, ba a ganinsu sosai, sai dai su hana mutum sakat. Takan zaunar da ni a bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora hannuna a kan gwiwarta, ta ɗauko ɗan ƙarfen nan na cire ƙaya, matsefata, tana cire su ɗai-ɗai tana yi mini faɗa. Ban taɓa gaya mata ba, amma akwai ranakun da ba mantawa na yi ba.

Cikin shekara uku gaban barandar ya cika. Da bazara, lokacin da ko tsuntsu ba ya son tashi saboda zafi, sai ƙeranar ta yi fure ruwan ɗorawa. Yakan buɗe da hantsi, kafin la'asar ya rufe. Masu tallan nono sukan sauke ƙwarya su tsaya kallo. Baturen gonan bai sake dawowa ba, an ce an mai da shi wata ƙasa, bai ga ko ɗaya ba.

Shekara tara muna tare Allah bai ba mu haihuwa ba. A ta goma ta samu ciki. Tunda na fari ne, a gidan iyayenta za ta haihu, kamar yadda ake yi. Bayan an gama cirar gyaɗa, cikin ya shiga wata na bakwai, muka shirya tafiya goyon ciki. Tun saura mako guda ta yanke reshe mai kunne uku ta ajiye a inuwa. Ranar tafiya ta naɗe shi a tsohuwar tabarma ta ce in ɗaure a kan jaki.

Na ce, "Me za ki yi da ƙaya a gidanku?"

Ta ce, "Inna ba ta taɓa ganin furen ba. Ka san ba za ta taka gidanka ba. To, ni zan kai mata."

Sau ɗaya na je duba ta kafin haihuwa. Jajaye tafiyar yini ce a ƙafa. Na tarar ta dasa reshen a gefen ɗakin Inna. Ta tara yashi da tsakuwa, ta kewaye da duwatsu, ta kafa kara saboda awaki. Ƙafafunta sun kumbura, tana yi wa kanta dariya wai ta zama turmi. Ta ce idan zan dawo in riƙo mata daddawar wata tsohuwa da take saye a kasuwar Karaye, wai ta Jajaye ba ta da ƙamshi. Na ce to. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ina komawa sai ga wani sabon Bature ya sauka da karensa. Karen ya shiga cikin ƙeranar ya fito yana kuka, bakinsa duk ƙaya. Baturen ya sa masinja ya gaya mini cewa ya san wannan abu a wata ƙasa, wai can ya cinye gonaki, kuma ko ɓallin kunne ɗaya aka bari zai tsiro. Ya ce a tone duka, a haƙa rami mai zurfi, a zuba, a ƙona da kara, a rufe. Ya tsaya a baranda har na gama. Yini biyu na yi ina aikin. Da na so, da na tura kunne ɗaya bayan danga da ƙafa, ba wanda zai gani. Ban yi ba. Na ce a raina ai akwai a Jajaye, idan ta haihu ma dawo da iri mu dasa a Kwanyawa.

Da sanyi ya tsaya sosai, wata rana bayan azahar wani mutum ya iso a kan keke. Tun daga yadda ya jingine keken na gane. Ta rasu da safe wajen haihuwa, yaron ma bai zo da rai ba. Kafin mai keken ya baro gari an riga an tafi kai su. Da na isa washegari, baffanta, ƙanen mahaifinta wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar uban, ya raka ni maƙabarta. Ya nuna mini tudun ƙasa da aka ɗora wa ƙaya saboda namun dawa. Na yi addu'a. Na san bayan damina ɗaya ko biyu ba mai iya cewa nan ne. Haka muke yi, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba.

A nan sai na yi bayanin Inna, don duk maganar a kanta take. Mai ɗakina ita ce 'yar farinta. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Inna ta riƙe wannan fiye da yawancin mata. "Yarinyar nan" take ce mata tun tana goye har ta yi aure. Ranakun zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Idan aka yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah ya ji ƙanta," kamar 'yar maƙwabta ake faɗa. Ni da ita kuma akwai kunyar surukai. Shekara goma ban taɓa kallon fuskarta ba. Idan na hango ta a hanya nakan ratse cikin gona. Idan na zo gaisuwa sai in cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa a gefen ƙofarta, in gaishe ta ta bayan asabari, ta amsa a gajarce, in tashi. Maganar da ta wuce gaisuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Ranar sadakar arba'in na shiga gaishe ta, sai idona ya kai gefen ɗakin. Ƙeranar tana nan da kunnuwanta uku. Amma ƙasar gindinta baƙa ce, jiƙe sharkaf, kuma an yi mata kwari, irin wanda na taɓa yi wa shidan nan. Ita kaɗai ta rage. Kuma a duk abin da matata ta bari, tufafi da ƙore da tasoshi an raba, wannan ne kaɗai mai rai da ta kafa da hannunta.

Mai ɗakina tana da ƙanwa, matar aure a nan garin, mai 'ya'ya uku, kullum tana gidan tun rasuwar. Abokiyar wasana ce, kuma bakinta ba ya hutawa. Na sa aka kira mini ita zaure.

Na ce, "Wa yake ba abin nan ruwa?"

Ta ce, "Inna mana. Safe da yamma, buta guda-guda. Ko ni ba ta yarda in taɓa."

"Ki gaya mata ta daina. Ruwa kashe shi yake yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni? Mijin Yaya, kai ka gaya mata mana. Ba kai ne sarki ba?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka san Inna ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta? Yini take a kan tabarma, fuska a bango. Abu ɗaya ne yake tashe ta banda salla, butar nan. In na karɓe ta, me zan ba ta? In ta ruɓe ka kawo wata daga barikinka, mu dasa ba ta sani ba."

Sai na gaya mata abin da ya faru a bariki. Ta ce, "Duka?"

"Duka."

"Kai da hannunka?"

"Da hannuna."

"Lallai Yaya ta auri mai biyayya." Ta faɗa da murya irin ta wasa, amma ba ta kai ƙarshe ba ta ja mayafi ta rufe fuska. Na bar ta ta gama. Duk da haka ba ta yarda za ta kai saƙon ba.

Na gwada baffan. Dattijo ne mai kirki, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, ka yi haƙuri. Matar wana ce, tana cikin baƙin ciki. In shiga ɗakinta da gemuna in ce na zo maganar ƙaya?" Na yi masa godiya na tashi.

Kafin in koma na yi wata dabara. Inna tana cikin ɗaki tana salla, sai na shiga na rushe kwarin da ƙafa, na yi wa ruwan 'yar hanya, na ƙara yashi. Bayan mako uku da na dawo, na tarar an mai da kwarin, an ma gyara masa baki da kyau.

Na riƙa zuwa fiye da yadda ya kamaci mijin da matarsa ta rasu. Mutanen Jajaye suna yaba zumuncina. Ni kuwa na san abin da yake kawo ni. In durƙusa in yi gaisuwa, in saci kallon gefen ɗaki, in ga baƙin gindin ƙeranar ya ƙara hawa, in tashi in kama hanyar Karaye da maganar a bakina. Sau uku ina yin haka. A hanya nakan shirya kalmomin, in ina isa ƙofar sai su watse. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu, suruki ya buɗe baki ya ce wa uwar matarsa abin da take yi ba daidai ba ne, wannan abin faɗa ne a gari har 'ya'yansa.

Da bazara ta fara, na zo na tarar kunnen ƙasa ya zama baƙi ƙirin, ya yi laushi, reshen ya karkace. An tokare shi da kara biyu, an ɗaure da zare a hankali. Na biyu ya fara rawaya daga gaɓa. Na sama ne kaɗai lafiyayye, kuma a kansa ga wani ɗan sabon kunne kamar babban yatsa. Na san yadda shidan nan suka tafi. Wannan ba zai kai Juma'a biyu ba.

Na kwana a zauren baffa. Da hantsi na cire takalmi na shiga. Ƙanwar tana zaune a bakin ƙofar Inna tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa a inda na saba.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Nan ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Ƙanwar ta ɗago ta dube ni, ta girgiza mini kai. Na sunkuya ina kallon ƙasa, na ce, "Inna, a gafarce ni. Zan yi maganar da ba ta kamace ni ba. Abin nan da aka dasa a gefen ɗaki, ruwa ne yake kashe shi. Ba ya son ruwa. Ni ma haka na kashe guda shida kafin a nuna mini."

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Can bayan gida wata tana daka, ina jin taɓarya ɗai-ɗai. Na daɗe a haka, har na fara tunanin in tashi in fita, in bar garin ba zan sake dawowa ba.

Sai muryar Inna ta fito ta bayan asabari. Ba da ni ta yi magana ba, da 'yarta ta yi, ko da yake tsakanina da ƙofar bai fi taku biyu ba.

"Ki gaya masa na sani."

Ƙanwar ta juyo ta dube ni.

"Ki gaya masa ranar da yarinyar nan ta dasa shi ta ce mini, Inna, kada ki ba shi ruwa. Sau uku ta faɗa. Har ta ce wai akwai wani sarki a Karaye da ya kashe shida."

Ta tsaya. Da ta ci gaba muryar ba ta canja ba, kamar tana ba da labarin kasuwa.

"Ki gaya masa, ranar haihuwar nan ta nemi ruwa. Ina bayan ɗakin, ina ji. Tsofaffin da suke kanta suka ce a dakata tukuna. Na ɗebo a moɗa na zo har bakin ƙofa. Ɗakin cike da mata. 'Yar fari ce. Ban shiga ba."

Ƙanwar ta sa kai a gwiwa. Ashe ita ma ba ta taɓa jin wannan ba. Ni dai ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, har yau ban sani ba. Na ce, "Allah ya ji ƙanta, Inna. Kwana ne ya ƙare." Ta ce, "Amin."

Bayan wani lokaci na ce, "Na saman yana da rai. Idan aka yanke shi yanzu aka bar bakin ya bushe, ana iya sake dasawa."

Asabarin ya motsa kaɗan. Na ga gefen zanenta da yatsun ƙafarta, na mai da idona ƙasa.

"In aka yanka zai rayu?"

Ni ta tambaya. Shekara goma, wannan ce maganar farko da ta yi mini kai tsaye.

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Sai abin da Allah ya yi. In ba a yanka ba dai, ba zai rayu ba."

Ta ce, "Yanka."

Na karɓi wuƙa na sa a wuta, na bari ta huce. Na so in ceci kunne biyu, amma da na yanka na biyun sai na ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa har tsakiya. Na hau sama na yanke daga gaɓar na ukun. Nan fari ne tas. Na barbaɗa toka, na ɗora shi a kan faifai da ɗan ƙaramin a kansa, na tura ƙarƙashin rumbu inda kaji ba sa kai wa. Sauran na tone na kai bola. Saiwar ta narke, sai wari.

Dole in koma Karaye a ranar, don an aiko cewa akwai baƙo a hanya. Saboda haka dasawar ba a hannuna za ta kasance ba. Na koma gefen ƙofa na faɗi yadda ake yi: kwana bakwai a inuwa, sannan a kai shi wani tudun marmara da ke bayan rumbu, a kafa shi kamar gaɓar yatsa biyu, a tokare da dutse. Ban sake ambaton ruwa ba. Ta ce, "Kwana bakwai." Shi ke nan.

Ina zaure ina sa takalmi sai na ji hannuna yana zafi. Na manta da kara biyun, tafina duk ƙananan ƙayoyi. Ƙanwar ta fito, idonta jawur, ta miƙo mini wani abu a ƙulle cikin tsumma.

"Inna ta ce a ba ka, wai na yarinyar nan ne."

Matsefatar ce. Ashe mai ɗakina ta taho da ita cikin kayanta.

Ƙanwar ta ce, "Kuma kada ka sa rai ni zan zauna in cire maka. Mijina ma ban yi masa ba."

A ƙarƙashin wata tsamiya a hanyar Rogo na zauna na cire su da kaina, da hannun hagu. Na daɗe ban gama ba.

Sai bayan mako huɗu na samu komawa. Tun daga ƙofar gida na wuce bayan rumbu. Yana nan a kan tudun, tokare da dutse. Ya yamutse, ya rame, ɗan ƙaramin ya sunkuya. Ƙasar gindinsa fara ce, busasshiya ƙayau. Na sa kara biyu na ja shi sama kaɗan. Bai taso ba. Ya kama.

Ƙanwar ta gaya mini yadda ake ciki. Kullum da safe Inna takan cika butar, ta zaga bayan rumbu, ta tsaya a kansa. Wani lokaci ta daɗe. Sannan ta juyo da butar a cike ta ajiye a bakin ƙofa, da azahar ta yi alwala da ruwan. Ta ce a kwanakin farko ita kanta takan laɓe tana kallo, tana jiran ta ga an zuba. Ba a zuba ba ko sau ɗaya. Abinci kuma Inna ta fara ci kaɗan-kaɗan, ban san ko don wannan ba ne, ko don lokaci.

A bazara ta uku aka aiko mini da baki daga Jajaye: Inna ta ce a gaya wa mutumin Karaye abin nan ya buɗe. Na isa bayan la'asar, duk sun rufe. Washegari da hantsi na zaga bayan rumbu na tarar da ita a tsaye, ta lulluɓe da mayafi. Na so in juya, sai na ga ba ta motsa ba, ni ma na tsaya daga ɗaya gefen. Fure huɗu ne, ruwan ɗorawa, ƙudan zuma yana shiga yana fita. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

Ta ce, "Ashe haka yake."

Na ce, "Haka yake, Inna."

Ta rayu shekara shida bayan wannan, kuma har ta rasu ban taɓa jin sunan mai ɗakina a bakinta ba. Ranar da na bar aikin bariki na je Jajaye na roƙi kunne ɗaya. Ƙanwar ce ta yanke mini, tana cewa in na kashe wannan kada in sake zuwa. Yana nan a Kwanyawa, bayan ɗakina, ya fi ni tsawo. Matsefatar tana cikin aljihun rigar da nake sawa in zan je kusa da shi.